Jarkar da Eino Ya Aika Ondobe

Katutura, Windhoek
Farkon Agusta, 1996

Zuwa ga yayata Ndilimeke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da shanun da fari ya rage miki da kajin da shaho ya ga dama ya bari. Ina gaida Meme Aune, wadda na san ita ke karanta miki wannan takarda, ina kuma roƙonta ta karanta yadda na rubuta, kada ta tsallake wuraren da ba su yi mata daɗi ba. Ni ƙalau nake, sai gwiwar hagu da ke yi mini ƙorafi duk sanda na hau matakalar makaranta. Matata Hilja tana gaishe ki.

Bayan haka, a tara jama'a, a sa yara su yi shiru, akwai sanarwa. Ni Eino Haimbodi, malamin tarihi, wanda ya karanta tashin dauloli da faɗuwarsu, ranar Asabar da ta wuce na shiga kanti da ƙafata na sayi jarka. Shuɗiya ce, sabuwa fil, mai farin murfi. Sai da na yi dogon nazari kafin na zaɓe ta daga cikin 'yan'uwanta. Nakale direban bas zai sauke miki ita tare da wannan wasiƙa.

Ga dalili. Na kai wa likitan ido na babban asibiti takardar da aka ba ki a asibitin Oshakati, ya kuma ba da rana, makon farko na Oktoba. Ya ce yanar ta riga ta rufe idon dama, na hagu yana bin sahu. In kika kuskure wannan rana sai baɗi, kuma bai yi alkawarin na hagun zai jira baɗi ba. Saboda haka zuwa dole ne.

To amma akwai maganar ruwa, gara ki ji daga bakina. Madatsunmu sun kusa ƙafewa. An hana wanke mota, an hana ba lambu ruwa, Hilja da ruwan wankanta take raya bishiyar lemonta guda ɗaya. Ruwan famfonmu kuwa, Yaya, ba duka ne baƙo ba. Wanda ya fita daga gidajenmu, na wanka da na wanki da na wancan ɗakin da ba a ambata a wasiƙa, ba ya tafiya ko'ina. Tara shi ake yi a bayan gari, a wanke shi, a gauraya da na madatsa, a dawo mana da abinmu. Tun ina saurayi ake haka, bana ne dai aka ƙara yawansa. Wato kofin da zan sha ranar Litinin, mai yiwuwa maƙwabcina mai gyaran taya ya riga ni shansa. Ni kaina ba na yarda mu haɗa ido da shi sai na tafasa shi na rufe masa fuska da ganyen shayi.

Na san ki sarai. Ke ce kika ƙi cin abinci a bikin ɗiyar fasto don kin ga mai tuƙa tuwo ta sosa kai. Don haka ki cika jarkar nan daga rijiyar babanmu ki taho da ita, kin ga ba ruwanki da namu. Kada ki gode mini, aikin ƙane ne.

Naki,
Eino


Katutura, Windhoek
Farkon Satumba

Yaya Ndilimeke,

Ina sake gaishe ki, ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Mu muna nan yadda kika san mu. Zafi ya fara, sama kuwa ko ɗigon gajimare babu.

Bas ɗin Nakale ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, babu takarda. Na tare shi a tasha na tambaye shi. Ya ce ya sauke saƙo, kin karɓi wasiƙa, jarka kuwa tana nan gindin gorubar ƙofar gida, ba a shiga da ita ba. Na ce to me ta ce? Ya ce, "Tate Malam, ni direba ne, ba na ɗauko abin da ba a saka mini a mota ba." Hilja ta ce bakina ne ya jawo, wai na zauna na zana miki ƙazanta da alƙalami har kin fasa zuwa. Na yarda na ɗan zuba gishiri. Sai na ce bari in je matatar ruwan in ga abin da idona, in samo hujjar da zan lallashe ki da ita, da 'yar dariyar da zan kawo wa malamai a ɗakin shan shayi.

Dariyar dai ban samo ba.

Wadda ta zagaya da ni tsohuwar ɗalibata ce, Elfriede Garises, yanzu ita ke gwajin ruwa a matatar. Tana ganina ta ce, "Malam, kai ne? Ka zo ba ruwanmu maki?" Na ce na zo duba ko ya yi aikin gida. Ta ce, "Ya fi ni yi."

Kafin ruwan ya iso wurinsu an riga an yi masa wankin farko a wata ma'aikata, ya kuma huta a tafkuna, duk da haka kore-kore yake shigowa, kamar ruwan da aka dafa ganye a ciki. Sai a tura shi wani babban kwami. Daga ƙasa wasu kumfa ƙanana kamar garin gero suke tasowa, ba iyaka, kowanne ya ɗauko ɗan dattinsa ya kawo sama, wani hannun ƙarfe ya bi a hankali yana kwashewa, yadda Inna ke yaɗe kumfar tukunya. Daga nan ya ratsa yashi. Daga nan ya ratsa gawayi. Yashi da gawayi, Yaya, abubuwan da ke zube a tsakar gidanki! Sannan a sa masa magani.

A ƙarshe ta kai ni wani ɗaki mai sanyi, ta nuna mini rami mai zurfi, ya fi tsayin mutum. Na leƙa na ga ƙasansa, har da kan wata ƙusa. Na ce mata, wannan kuma yaushe za a cika shi? Can sai ɗigo ɗaya ya faɗo daga bakin bututu, zobe ya buɗe, ya haifi wani, ya tafi har bango. Ashe cike yake. Na daɗe riƙe da ƙarfen bakin ramin ban ce komai ba, kin kuwa san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Shekara da shekaru ina koya wa yara labarin biranen da suka mutu don ruwansu ya ƙare. Duk wanda na karanta, nesa ya tafi nema: a haƙa, a janyo, a yi yaƙi. Ban taɓa cin karo da wanda ya juya ya dubi abin da ya zubar ya ce masa dawo ba. Ga shi ina zaune a cikinsa, tsakanin duwatsun da ba kogi, ina yi masa ba'a.

Elfriede ta ɗebo a kofin gilashi ta miƙo mini. Na ce mata yanzun nan na sha shayi. Ta yi irin murmushin ɗalibin da ya kama malami da kuskure a allo.

Don haka ki kwantar da hankalinki, ruwan nan ba abin tsoro ba ne. Oktoba na matsowa. Don Allah ki ba Nakale ko layi biyu ne.

Ƙanenki,
Eino


Ondobe
Tsakiyar Satumba

Eino ƙanena,

Na gaishe ka, na gaida Hilja. Aune ce ke rubutawa, ni ke faɗa. Jiki da sauƙi. Idon dama dare ne, na hagu yana ganin haske da inuwa, in mutum ya tsaya a ƙofa na san mutum ne amma sai ya yi magana. Jar saniyar nan ta kwanta a watan jiya, ba ta tashi ba.

Ka ce in cika jarka daga rijiyar babanmu. Rijiyar babanmu ta ƙafe tun lokacin sanyi. Ban gaya maka ba don ba abin da za ka iya yi mata daga Windhoek. Fadama muke zuwa mu tona rami, mu zauna mu jira ya tsattsafo. Shanu ma nan suke sha. Mu tace da ɗankwali, mu zuba toka ya kwanta. Wai ni ce zan ji ƙyamar ruwan da mai gyaran taya ya sha? Ni da nake shan wanda saniya ta tsaya a ciki da ƙafa huɗu? Kai dai karatu ya yi maka yawa.

Ba ruwanku ne ya hana ni amsa ba. Jarkarka ce.

Nakale ya sauke ta a bakin hanya daidai lokacin da mata ke dawowa daga coci. Meme Toini ta ɗaga ta da yatsa ɗaya. Da yatsa ɗaya, Eino. Ta ce, "Ikon Allah, an aiko wa Ndilimeke iskar Windhoek." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, me zan yi?

Ka manta gidan da ka tashi? Yaushe ka ga Inna ta aika kwando ko tulu gidan wani ba komai a ciki? Ko shekarar da muka ci ganye, in maƙwabciya ta kawo abu a kwando, sai ta saka ko busasshen ganyen miya ne dunƙule ɗaya kafin ta mayar. Mazubi wofi ba ya shiga ƙofar ɗan'uwa sai in an gaji da zumuncin. Kai kuwa ka aiko shi gidan uwarka, a shekarar fari, ka ce baƙuwarka ta taho da ruwan shanta. Baƙo ko maƙiyinka ne ruwa ake fara ba shi, mai gida ya kurɓa a gabansa sannan ya miƙa. Na kwana ina juya maganar. Na ce ko Hilja ce ba ta son ɗawainiyar makauniya, shi kuma Eino ya rasa yadda zai faɗa, ya ɓoye a bayan wasa kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Sai ga wasiƙarka ta biyu. Ta yi daɗi, har Aune ta tsaya ta share ido wurin zoben nan. Na sa ta maimaita daga farko, muna neman inda ka sha. Ba mu samu ba. Yarinya ta miƙa maka, ka ce ka sha shayi.

To ni ba na zuwa gidan da mai shi ba ya shan ruwansa. Wa zai kurɓa ya miƙo mini? Ido kuwa Allah ne ya ba ni aro, na mori abina. Ka gaya wa likita ya ba wani ranar.

Yayarka,
Ndilimeke

Tate Eino, ni ce Aune. Makon jiya ta kai hannu cikin garwashi tana neman murfin tukunya, yatsu biyu sun tashi. Ta ce kada in rubuta. Ga shi na rubuta.


Katutura, Windhoek
Ranar da takardarki ta iso

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya hannun? A riƙa rufe shi da tsumma mai tsabta.

Hilja ta karanta abin da kika ce a kanta, ta yi kuka, sannan ta juyo kaina. Ba zan rubuta abin da ta ce ba, Meme Aune mai zuwa coci ce. Ɗakinki tun watan jiya ta gyara shi, har littattafaina ta kora zuwa ƙarƙashin gado.

Ga jarka ta biyu nan, tsohuwa ce, ta Hilja. Daga famfon madafarmu na cika ta, ban tafasa ba, ban sa komai ba. Ni na ɗauko ta a kafaɗa har tasha, gwiwa tana zagina. Nakale ya ɗaga ya ce, "Af, Tate Malam, yau iskar ta yi nauyi." Na ce ya ba ni kofinsa ya kuma buɗe ido da kyau, shi ne shaida.

Kin san tasha. Kafin in buɗe murfi an kewaye ni. Wata mai sayar da fanke ta ce ita kam tun da ta zo garin nan ba ta taɓa kai shi baki ɗanye ba. Wani mai ɗaukar kaya ya ce, "Kai, Meme, ji tsoron Allah! Ranar nan da kika ƙware da fankenki, wa ya ga kin tsaya hura wuta?" Wani dattijo ɗan ƙabilar Herero ya ce shi shekara ashirin yana sha, abin da ya same shi kawai 'ya'ya tara. Aka ce to Malam, muna jira.

Na kai baki na shanye. Sanyi ne da shi, da ɗan ƙamshin magani can nesa. Na tsaya ina jiran wani abu ya faru. Ba abin da ya faru, sai ƙishirwa da ta tafi. Na sake cikawa na ƙara, wannan karon don kaina.

Na kurɓa, Yaya. Ga shi na miƙo. Ban gaya wa likita komai ba, ranarki tana nan.

Eino


Ondobe
Ƙarshen Satumba

Eino,

Muna lafiya, hannu yana warkewa. Aune kuma mun yi faɗa mun shirya.

Nakale bai bar jarkar a bakin hanya ba, har tsakar gida ya shigo da ita a ka. Ya rantse ya ga maƙogwaronka yana motsi, sau biyu. Ya ce fuskarka kamar ta wanda za a cire wa haƙori.

Na aika aka kira mata. Na gaya musu ko wane irin ruwa ne, ban rage komai ba. Toini ta ja da baya ta ce, "Ruwan bayan gida? Ko da sabulu aka wanke shi ba da ni ba." Na ce ba wanda ya roƙe ki. Na zuba a ƙwarya na fara sha. Eino, na manta ruwa yana iya zama ba ɗanɗanon komai. Ba ƙasa a haƙori, ba warin saniya. Aune ta ce tana ganin zanen gindin ƙwaryar.

Kuku Mwadina, kakarmu duka, wadda ta girmi kowa a garin nan, ta ce a ba ta. Ta riƙe shi a baki ta daɗe kafin ta haɗiye. Ta ce, "To dattin ina ya tafi?" Aune ta karanta mata wurin kumfa da yashi da gawayi. Can ta ce ita tun da aka haife ta hanya ɗaya ta san ruwa yana bi, ya shige ƙasa, ba ya dawowa sai Ubangiji ya aiko shi. Ta ce, "Yanzu yaran nan kira suke ya juyo?" Ta ɗaga hannu sama ta yi guɗa, da muryar nan tata da ta kusa ƙarewa. Ba wanda ya yi dariya.

Da mata suka watse Toini ta dawo ta bayan gida da ɗan tulu. Jikanta na goye gudawa yake tun da aka koma ruwan rami. Ta miƙo tulun, na cika mata. Sauran na ajiye wa masu jarirai.

Zan taho da bas ɗin Alhamis. Ka zo tasha da kanka, ba zan gane ka ba sai ka yi magana, amma wannan ba ya yi maka wuya.

Ndilimeke


Katutura, Windhoek
Tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Meme Aune,

Gaisuwa da godiya mai yawa. Ki tara mata ki gaya musu an yi wa Ndilimeke aikin ido, an kuma dace. Na hagu aka fara yi, na dama sai bayan Kirsimeti.

Da aka cire auduga ta ƙifta, ta ƙifta, ta dube ni ta ce, "Wane ne wannan tsohon?" Na ce ni ne. Ta ce, "Hilja, me kika yi masa?" Ma'aikaciyar jinya sai da ta fita waje don dariya.

Jiya da yamma ta ce ita fa ta gaji da kallon bango, in kai ta inda za ta ga garin duka. Muka sa mata baƙin tabarau muka hau da ita wani tudu a motar maƙwabci. Ki gane, Meme, shekaru ke nan ba ta ga abin da ya wuce tsawon hannunta ba. Sai ga gari shimfiɗe a gabanta, daga rufin kwanon Katutura har manyan gidajen Turawa da ke jingine da duwatsun gabas, kewaye da tsaunuka jajaye, sun ƙone ƙurmus. Ta bi su da kallo a hankali. Ta ce, "Ina kogin?" Na ce babu. Ta ce, "Duk waɗannan, ruwan nan suke sha?" Na ce iyakar sanina a gauraye yake, kowa da rabonsa.

Ta nuna gabas ta ce, "Har su?" Na ce har su. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ina saurayi.

Sai ta ce ko na tuna babanmu ya yi aikin kwantiragi, yana yi wa Turawa hidima, a ɗaya daga gidajen can. Na ce na tuna, lokacin ina saurayi ne. Ta ce shi ya ba ta labari, an rataye masa wani kofin gwangwani a ƙusa bayan madafa, in ya taɓa na cikin gida sai a wanke da ruwan zafi. "Kofi suka raba," in ji ta, "ruwan kuwa yana ta zagayawa, daga cikinsa zuwa nasu, daga nasu zuwa nasa?"

Ta fara dariya, har na ji tsoron ɗinkin. Daga nan dariyar ta tsaya. Ta cire tabarau duk da gargaɗin likita, ta tsaya tana kallon garin nan, hawaye na zuba daga sabon idon, rana tana faɗuwa a kan rufin gidaje. Ta ce a hankali, "Ubangiji, ashe ka daɗe kana shayar da mu a ƙwarya ɗaya." Ba wanda ya iya cewa mu tafi.

Tun a hanyar zuwa na gaya wa Hilja cewa zan ɗan yi wa yayata bayanin birni, kada abin ya yi mata yawa. Na yi kuskure, ita ta yi mini bayanin.

Naki da girmamawa,
Eino Haimbodi